ƘOFAR HUHU: INDA ISKA DA JINI SUKE SHIGA, INDA ƘURA TAKE TARUWA

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti a Arlit ko Agadas don ɗaukar hoton ƙirji, wanda ake ce ma radiyo, ya ga yadda likita yake yi. Yakan ɗaga hoton wajen haske, ko ya buɗe shi a kwamfuta. Yakan dubi huhun dama, ya dubi na hagu. Sa'an nan ya tsaida ido a tsakiya, dama da hagu na zuciya, inda wani farin abu yake kamar saiwar itace. A nan yakan daɗe. Majinyaci yana zaune, bai san abin da ake dubawa ba, kuma sau da yawa kunya takan hana shi tambaya.

Wurin nan shi ne ƙofar huhu. Darasin yau a kansa yake. Ya shafi kowa, amma ya fi shafar mutanen da suka yi aikin haƙar uraniyom, da masu neman zinariya, da iyalansu.

Hanyar iska

Mutum yana da huhu biyu. Na dama ya fi girma, ya rabu kashi 3. Na hagu ya rabu kashi 2, don ya bar ma zuciya wuri.

Iska tana shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro. Maƙogwaro bututu ne mai zobba na guringuntsi, tsawonsa wajen santimita 10 zuwa 12 ga babban mutum. Ku sa yatsa a ramin da ke ƙasan wuya. Ku gangaro da shi bisa ƙashin ƙirji kamar faɗin yatsu uku. Za ku ji wani ɗan tudu a kwance. A bayan wannan tudu ne, can ciki, maƙogwaro ya rabu biyu. Reshe guda ya nufi dama, guda ya nufi hagu.

Cikin huhu kowane reshe ya yi ta rabuwa, yana ƙara sirancewa, kamar itacen da aka kifa, gindi a sama, rassa a ƙasa. A ƙarshen rassan akwai ƴan jakunkuna na iska. Ido ba ya ganinsu. Sun kai miliyan ɗari uku ko fiye. A cikinsu ne jini yake ɗaukar iska mai amfani, ya zubar da wadda ta gurɓace. Babban mutum da ke zaune lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda.

Ƙofa da gindi

Huhu ba a manne yake da haƙarƙari ba. An naɗe shi cikin wani tantani mai santsi, ninki biyu. Shi ya sa yake buɗewa yana tsukewa ba tare da mutum ya ji ciwo ba. To, me ya riƙe shi? Wuri guda ne babba, a gefen da yake fuskantar zuciya.

Ku ɗauki ƙwayar wake ku duba. A gefe guda akwai ɗan loɓi, wanda ake kira hancin wake. Ta nan ne ƙwayar take manne da kwasfarta, ta nan take samun abinci. Huhu ma yana da irin wannan loɓi. Shi ne ƙofar huhu. Sunan da likitoci suke kiran wurin da harshen Latin, shi ne kuma masana tsirrai suke kiran hancin wake da shi.

Abubuwan da suke shiga da fita ta ƙofar, a haɗe suke kamar damen kara, an naɗe su da tantani. Wannan dame shi ne gindin huhu. Ƙofa ita ce wurin, gindi shi ne kayan da suke ratsa ta. Kowane huhu da ƙofarsa da gindinsa.

Na farko cikin damen shi ne reshen maƙogwaro. Shi ne ya fi tauri, kuma yana ta wajen baya. Na biyu babbar jijiya ce da ke kawo jini daga zuciya. Wannan jini ya zagaya jiki ya gaji, launinsa ya yi duhu. Sai jijiyoyi biyu masu maida jini zuciya bayan ya sha iska ya yi ja wur. Guda tana gaba, guda tana ƙasa. Jinin jikin babban mutum wajen lita 5 ne. Duk jinin nan yana ratsa ƙofofin biyu cikin kamar minti guda, ko da mutum yana kwance. In yana aikin ƙarfi, ya ninka haka sau uku ko huɗu. Ƙofar da ba ta kai tafin hannu faɗi ba ce take ɗaukar wannan aiki dare da rana.

Akwai kuma ƙananan jijiyoyin jini masu ciyar da rassan maƙogwaro su kansu. Ƙanana ne, amma jininsu da ƙarfi yake tafiya. Idan mutum ya yi tari ya fidda jini mai yawa, galibi su ne suka fashe. Akwai jijiyoyin saƙo, farare kamar zare, masu sa rassan su buɗe ko su tsuke, masu kuma tada tari. Na ƙarshe su ne kaluluwa. A kansu ne za a daɗe.

Dama da hagu ba ɗaya ba ne

Reshen dama gajere ne, wajen santimita 2 da rabi. Yana da faɗi, kuma kusan a miƙe yake da maƙogwaro. Na hagu ya kai santimita 5, ya fi siranta, ya fi karkata. Saboda haka idan yaro ya shaƙi ƙwayar gyaɗa ko ƙwallon wani abu, ya fi faɗawa dama. Yaron zai sarƙe, ya yi tari mai tsanani, daga baya tarin ya lafa. Uwa sai ta ce abin ya wuce. Ba lalle ya wuce ba. Gyaɗar tana iya zama can a ƙofar huhu, ta toshe hanya, bayan kwanaki zazzaɓi ya taso. A kai yaron asibiti, a faɗa ma likita ranar da ya sarƙe da abin da yake ci. Kada a ba yaron da bai kai shekara 4 ba gyaɗa guda-guda.

A hagu, babbar jijiyar jinin jiki ta yi baka ta bisa gindin huhu. Wata jijiyar saƙo mai motsa murya ta gangaro daga wuya, ta zagaya ƙarƙashin bakan, ta koma sama. Idan wani ƙari ya fito a ƙofar huhun hagu, yana iya danne ta. Sai muryar mutum ta dishe, alhali maƙoshinsa lafiya lau. Dishewar murya da ta wuce sati 3 ba ta mura ba ce kawai. A je a duba.

Kaluluwar cikin ƙirji

Kowa ya san kaluluwa. In mutum ya ji ciwo a ƙafa, sai ta fito masa a matsematsi. In a hannu ne, sai ta fito a hammata. Mutane suna zaton ciwon ne ya haife ta. A'a, tana nan tun haihuwa, kumbura kawai ta yi. Aikinta tace wani farin ruwa da ke yawo cikin jiki, kamar yadda rariya take tare tsakuwa. A cikinta ne jiki yake yaƙi da ƙwayoyin cuta.

A ƙofar kowane huhu akwai irin waɗannan, a jere gewaye da reshen maƙogwaro, ko wace kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka. Hannu ba ya kai gare su. Duk ruwan da ya wanko huhu ta cikinsu yake bi.

Ga abin da ke faruwa da ƙura. Mai kauri, gashin hanci da majina suna tare ta. Wadda ta wuce, akwai ƴan gashi ƙanana a cikin rassan maƙogwaro masu share ta sama, mutum ya kakaro ya tofar ko ya haɗiye. Amma akwai ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ido ba ya gani sai in hasken rana ya ratsa ɗaki. Ita takan kai har cikin jakunkunan iska. Can wasu ƙwayoyin jiki masu shara suke haɗiye ta, su ɗauki wani sashe zuwa kaluluwar ƙofar huhu. Kaluluwar jariri fara-fara ce. Ta dattijon da ya shekara yana shaƙar hayaƙi da ƙura baƙa ce kamar gawayi.

Wanda yake so ya gani da idonsa, ya je wurin mahauci da safe, ko ya jira ranar layya. Ya karɓi huhun rago tun yana haɗe da maƙogwaro da zuciya. Ya bi maƙogwaro da yatsa har inda ya rabu. Zai ji taurin reshen, ya ga bakin jijiyoyin jini, ya taɓa ƴan ƙulli-ƙulli a gefe. Huhun rago bai yi daidai da na mutum ta kowace fuska ba, amma ƙofar tana nan. Malamin cibiya yana iya kawo guda a aji, kowa ya taɓa, a wanke hannu da sabulu bayan haka.

Ƙasar uraniyom

A shekarar 1957 ne Faransawa masu neman tagulla suka gano uraniyom a Azelik, kusa da Ingal. Daga baya aka same shi da yawa a yammacin duwatsun Abzin. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fidda uraniyom a 1971. Garin Arlit ya tashi ne saboda shi, kilomita wajen 240 arewa da Agadas. Haƙar SOMAÏR a buɗe take, manyan ramuka ne da sama ke kallonsu. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978 a Akuta, kusa da Akokan. Shi a ƙarƙashin ƙasa ne, zurfin mita 250, da hanyoyi na fiye da kilomita 200. Mutane sun zo daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Dosso da Yamai, wasu sun yi shekara 20 ko 30 suna shiga rami. An rufe COMINAK ranar 31 ga watan Maris 2021. A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta maida SOMAÏR mallakar ƙasa.

Kamfani yana rufewa, ma'aikaci ya koma garinsu. Abin da ya shaƙa yana tare da shi.

Ciwon ƙurar dutse

Uraniyom na Arlit cikin dutsen rairayi yake. In an huda dutsen, ko an fasa shi, ko an niƙa, yana fidda ƙura mai kaifi kamar garin kwalba. Ƙwayoyin shara suna haɗiye ta, amma ba su iya narkar da ita. Sai ta kashe su. Wasu su zo su haɗiye, su ma su mutu. A haka wurin yake yin tabo. Tabo a huhu ba ya numfashi. Kaluluwar ƙofar huhu takan kumbura, ta yi tauri, wani lokaci bayanta ya yi ɓawo fari. A hoton ƙirji sai a ga kamar ɓawon ƙwai a jere. Likita in ya ga haka, tambayarsa ta farko ita ce: wane aiki ka yi?

Ciwon yakan ɗauki shekara 10 ko 20 kafin ya bayyana, har bayan mutum ya bar aiki. Da farko haki ne in an hau tudu ko an ɗauki kaya. Daga baya ko tafiya masallaci sai an huta. Babu maganin da yake goge tabon. Abin da likita yake iyawa shi ne ya rage wahala, ya hana wasu cututtuka hawa.

Yau waɗanda suka fi shiga hatsarin nan su ne masu neman zinariya. Tun 2014, da aka samu zinariya a Jado da Cibarakatan, dubban samari suke shiga rijiyoyi masu zurfi, suna huda dutse a bushe, wasu suna tsaye kan injin niƙa har gashin idonsu ya yi fari. In ƙura ta yi yawa haka, ciwon ba ya jiran shekara 20. Cikin shekara 5 ko ƙasa da haka yana iya kama saurayi mai ƙarfi. Da yawa suna naɗa rawani a hanci, su ce sun kare kansu. Rawani yana tare rairayin guguwa. Ƙurar da ke kashe huhu tana ratsa shi kamar yadda ruwa yake ratsa kwando. Abin da ke aiki shi ne a jiƙa dutse da ruwa kafin a huda ko a niƙa, a tsaya ta inda iska ba ta kaɗo ƙurar, a sa takunkumi na ainihi mai matata wanda ya kama fuska sosai. Ruwa yana da tsada a daji, gaskiya ne. Kayan aiki kuma kada a kakkaɓe su cikin ɗaki inda yara suke.

Iskar radon

Duk inda uraniyom yake, wata iska tana fita daga dutsen. Sunanta radon. Ba ta da launi, ba ta da wari. A fili iska tana watsa ta. A rami ko ɗakin da yake rufe, taruwa take yi. In an shaƙe ta, tana barin wasu ƴan ɓurɓushi a jikin rassan maƙogwaro, suna ta harbin naman wurin da wani haske da ba a gani. Bayan shekaru, wannan yana iya zama sankarar huhu. Sau da yawa sankarar tana farawa a manyan rassa, kusa da ƙofar huhu, ta bi ruwa ta shiga kaluluwa.

Ba a Nijar aka fara sanin haka ba. A garin Shinebag na Jamus, mahaƙan azurfa sun yi ɗaruruwan shekaru suna mutuwa da wani ciwon ƙirji. A 1879 likitoci biyu suka gano sankarar huhu ce. A Amurka, mutanen ƙabilar Nabaho da suka haƙi uraniyom a ramuka marasa iska sun mutu da yawa, har a 1990 aka yi dokar biyansu diyya. Shi ya sa ake sa manyan fankoki a ramin haƙa, ake rataya ma ma'aikaci ɗan ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, radon ce ta biyu wajen jawo sankarar huhu. In mutum ya haɗa biyun, hatsarin ba tarawa yake ba, ninkawa yake. Tsohon mahaƙi ba ya iya maida radon da ya shaƙa. Taba kuwa yana iya barinta yau.

Mutanen gari ma abin ya shafe su. A 2003 ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit ta gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa. A 2009 Greenpeace ta zo. Sun sami tsoffin ƙarafa na ma'aikata masu fidda wannan haske a kasuwa, da duwatsun rami da aka zuba a titunan Akokan. COMINAK ya bar tarin dusar dutse wajen tan miliyan 20, wanda aka shiga aikin rufewa bayan tsaida haƙa. Don haka kada a yi gini da dutse ko ƙasar da ta fito daga wurin haƙa. Kada a ƙera tukunya ko ƙofa da ƙarfen da ba a san inda ya fito ba. A riƙa buɗe taga, iska ta ratsa ɗaki. Yara kada su yi wasa kusa da tudun dusa.

Tarin fuka

Tarin fuka, wanda ake kira tibi, ƙwayar cuta ce take kawo shi. Likitan Jamus Robert Koch ya gano ta a 1882. Ba sammu ba ne, ba gado ba ne. Daga tarin mai ciwo take fita, wani ya shaƙa. In ta sauka a huhu, hanyar da ƙura take bi ita ma take bi, ta isa kaluluwar ƙofar huhu. Ga mutane da yawa jiki yana kulle ta a nan, ta yi barci shekaru. In jiki ya yi rauni da yunwa, ko ciwon sukari, ko ƙanjamau, sai ta farka. Huhun da ƙurar dutse ta ɓata ya fi saurin kamuwa, wajen ninki uku.

Ga ƙananan yara, sau da yawa ba a samun kaki na awo. Kumburin kaluluwar ƙofar huhu a hoto shi ne babbar alama. Rassan maƙogwaron yaro masu taushi ne, kaluluwa tana iya matse su, numfashinsa ya riƙa fito. Idan an sami babba da tibi a gida, a kai duk yaran gidan a duba su, tun ba ma waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Allurar BCG da ake yi ma jariri bayan haihuwa tana kare shi daga mafi munin nau'in ciwon.

Tibi yana warkewa. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shan shi wata 6. Bayan wata guda ko biyu mutum yakan ji ƙarfi, ya ga ya fara ƙiba, ya ajiye magani ya koma daji. Wannan kuskure ne babba. Ƙwayar da ta saura takan dawo, kuma ta dawo ba ta jin maganin farko.

Abin da za a faɗa ma likita

Ciwon ƙura, da sankara, da tibi, duka uku suna iya kumbura ƙofar huhu. Hoto shi kaɗai ba koyaushe yake rarrabe su ba. Farin da ake gani a wurin, mafi yawansa jijiyoyin jini ne, kuma kowa yana da shi. Na hagu ma yakan ɗan fi na dama tsayi, ba ciwo ba ne. Shi ya sa likita yake neman a kawo kaki, wani lokaci ya tura majinyaci babban asibiti don wani awo. Ba rashin iya aiki ba ne.

Tarin da ya wuce sati 2, jini a kaki ko da ɗigo ne, rama, zufar dare, haki, dishewar murya: kowane guda cikinsu ya isa dalilin zuwa asibiti. Wanda ya je, ya faɗi aikin da ya yi ko da shekara 30 ta wuce. A rami ne ko a fili? Shekara nawa? Ya yi huda, ko niƙa, ko tuƙi? Yana shan taba? A ƙarshen 2011 an kafa hukumar OSRA a jihar Agadas don bin lafiyar tsoffin ma'aikatan SOMAÏR da COMINAK. Wanda aka taɓa dubawa a nan ko a asibitin kamfani, ya nemo takardunsa.

Tsohon hoto yana da daraja. Likita yana ajiye shi kusa da sabo, ya ga ko ƙofar huhu ta ƙara girma ko tana yadda take. A sa shi cikin babban ambulan, a rubuta suna da shekara a bayansa, a ajiye a ƙasan akwati a shimfiɗe, nesa da rana da laima. Kada a naɗe shi, kada a lanƙwasa.